Greenwich, unguwar da agogon GMT ya samo sunansa

Hajiya Binta: Masu sauraro, assalamu alaikum. Duk wanda ya saba kama rediyo ya sha jin ana cewa "agogon GMT", shi ya sa yau za mu leƙa Greenwich, ƙaramar hukumar da ke gaɓar kogin Thames a kudu maso gabashin Landan. Malam Sani, kai da ka taka wurin da ƙafarka, me ya fi tsaya maka a rai?

Malam Sani: Hajiya, na hau tudun da Sarki Charles na biyu ya sa aka gina ɗakin nazarin taurari a 1675, saboda jiragen ruwa suna ɓata a teku don rashin sanin nisan da suka yi gabas ko yamma. A saman ginin akwai wata jar ƙwallo bisa sanda, wadda tun 1833 ake sakin ta ta faɗo daidai ƙarfe ɗaya na rana, domin matuƙan da ke kogi su saita agogonsu. Na tsaya har ta faɗo a gabana. Layin da taron Washington na 1884 ya amince a riƙa auna gabas da yamma daga gare shi ya ratsa farfajiyar wurin, ya gangara har Tema ta ƙasar Gana.

Hajiya Binta: Sarauta kuwa ta riga taurarin zuwa, domin a fadar da ke bakin kogin aka haifi Sarki Henry na takwas a 1491, da 'yarsa Elizabeth ta ɗaya a 1533.

Malam Sani: Haka ne, amma abin da ke damuna shi ne yawancin baƙi suna kallon Cutty Sark, jirgin da aka ƙera a 1869 don dakon ganyen shayi daga Sin, sai su juya ba su ƙarasa Woolwich, wata unguwa a gabashin wannan ƙaramar hukuma ba, alhali can ne talaka ya zubar da gumi. Masana'antar makamai ta Royal Arsenal ta ɗauki ma'aikata kusan 80,000 a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ciki har da dubban mata, waɗanda sinadarin cika harsasai ya mai da fatar wasunsu ruwan ɗorawa.

Hajiya Binta: Ke nan sunan ƙungiyar ƙwallon ƙafar da matasanmu ke kwana gardama a kanta daga nan ya fito?

Malam Sani: Ƙwarai kuwa, Hajiya. Ma'aikatan masana'antar ne suka kafa Arsenal a 1886, kuma ko da ta koma arewacin Landan a 1913, igwar Woolwich tana nan a tambarinta.