Jawabin sakataren walwala a taron Zazzagawa mazauna Ingila

Shugaba, iyayena da yayyena, ku gafarce ni in jinkirta rahoton kuɗi, domin akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya.

Wani ɗan'uwanmu, ba zan kama sunansa ba, ya kira ni ƙarfe uku na dare yana cewa zuciyarsa za ta tsaya. Na tarar da shi zaune a ƙasa, gumi ya jiƙe masa riga duk da sanyin nan, hannunsa na karkarwa har ya kasa riƙe kofin ruwa. A asibiti aka auna zuciyar, aka ce lafiyarta lau, ciwon fargaba ne. Iyalinsa suna Tudun Wada, shi kuma ya zo ne bayan dokar biza ta watan Maris na 2024, wadda ta hana masu aikin kula da tsofaffi taho da iyali. Watanni yana fama, yana halartar taron nan, mu kuwa iyakarmu da shi "ya aiki?"

Na tambaye shi abin da ya sa ya yi shiru, ya ce yana tsoron labari ya isa gida a ce ya zautu. Jama'a, fargaba ba hauka ba ce, ba kuma raunin imani ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke fama da ita a 2019, kuma tana da magani. Akwai jinya ta hanyar tattaunawa, inda ƙwararre yake koya wa mutum yadda zai kama tunanin da ke firgita shi kafin ya yi masa rinjaye. A nan Ingila hukumar kiwon lafiya ta ƙasa, NHS, ta yarda mutum ya kai kansa ba sai likita ya tura shi ba. Akwai ƙwayoyi, sai dai sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kuma ba a yanke su kwatsam ba da sanin likita ba. Masu aikin dare, ku rage kofi da goro, suna ƙara bugun zuciya. Addu'a kuwa ba ta taɓa hana bawa neman magani ba.

Da a Zariya ne, da tun ranar da ya fasa fitowa dakali bayan la'asar wani ya yi sallama a zaurensa. A nan babu dakali, mu ne dakalin.

Kuɗin wata dai da yawanku ba ku biya ba, ku ga ma'aji. Abin da nake roƙo yau shi ne mutum huɗu da za su riƙa leƙa ɗan'uwan nan bi da bi, ɗaya kuma ya raka shi wurin likita ranar Talata. Wanda ya amince ya same ni kafin a raba tuwo.