Ina Keken Zai Kwana? Zaɓen Masauki Ga Mai Balaguro A Kan Keke

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Yau magana ce ta masu son hawa keke su bar gari na kwana biyu ko uku, ko dai su tashi daga Kaduna su nufi Zariya, ko su sa kekunan a mota zuwa Kafanchan su zaga wajen ruwan Matsirga da duwatsun Kagoro. Galibinmu in za mu kama ɗaki, abin da muke tambaya shi ne nawa ne kwana, akwai na'urar sanyaya ɗaki, akwai talabijin. Mai keke kuwa tambayarsa ta farko ita ce: ina kekena zai kwana?

Ka yi wannan tambayar tun a waya, kafin ka tura ko kwabo. Amsar da za ka fi ji ita ce, "Ba damuwa Alhaji, akwai maigadi, a jingine shi wajen motoci." To, wannan amsar ba ta wadatar ba. Mota sai da makulli take tashi, kuma sai an buɗe mata get. Keke kuwa yaro ɗan shekara goma sha biyu zai ɗaga shi da hannu ɗaya ya miƙa ta kan katanga. Ko ba a ɗauke shi gaba ɗaya ba, kekunan zamani da yawa tayarsu da sirdinsu da ɗan mariƙi ake kwance su da hannu, ba a buƙatar sifana. Sai ka wayi gari ka tarar da keke yana nan, tayar gaba ta yi ƙafa.

Abin da kake nema shi ne a yarda ka shiga da shi ɗaki. Wasu masu otal za su ce zai ɓata musu tayil ko bango, kuma suna da gaskiyarsu. Ka ce musu za ka goge tayoyin a ƙofa, ka shimfiɗa kwali ko tsohon buhu a ƙarƙashinsa. Yawanci daga nan magana ta ƙare. In sun ƙi, a ba ka sito mai kwaɗo, ka kuma ɗaure keken da sarƙarka a jikin ƙarfen taga. Sannan ka roƙi ɗakin ƙasa. Wanda ya taɓa hawa bene hawa biyu da keke a kafaɗa bayan tafiyar wuni ya san dalili.

Sai maganar get, wadda mutane da yawa ba sa tunawa da ita sai sun maƙale. Daga Kaduna zuwa Zariya kusan kilomita 80 ne. Mai taka keke da kaya a baya, yana yin kilomita 15 zuwa 20 a awa, zai ci awa huɗu zuwa biyar, ban da hutu. A watan Maris da Afrilu, in ƙarfe sha ɗaya ta yi maka a kan kwalta, ka shiga uku. Ke nan ana idar da sallar Asuba ka shirya, gari na fara wayewa ka kama hanya. Amma akwai masaukin da ake garƙame get da dare, makullin yana wajen manaja, shi kuma manajan sai takwas yake zuwa. Saboda haka da isarka ka je ka gaida maigadi da kanka. "Baba, sannu da aiki. Gobe in Allah ya kai mu da sassafe zan fita, makulli yana hannunka?" Ka biya kuɗin ɗakin tun da dare, ka karɓi rasit, don kada a ce sai mai karɓar kuɗi ya zo.

Inda masaukin yake ma abin dubawa ne. In arewa ka nufa, ka kwana wajen Kawo ko Malali, ka ga da safe ba sai ka ratsa cunkoson Ahmadu Bello Way ba. In hanyar Kachia za ka bi zuwa Kajuru, Barnawa ko Sabon Tasha sun fi maka. Kuma ka tsara zango yadda za ka isa kafin La'asar sakaliya. Wajen Maraban Jos tireloli da tankoki ne jere a gefen titi, mai keke ba shi da wurin raɓewa, balle duhu ya yi. Batun tsaro kuwa duk ɗan Kaduna ya san halin da ake ciki: hanyar da take lafiya bara ba lallai ta kasance lafiya bana ba. Ka tambayi direbobin tasha da mutanen masaukin kafin ka fita, kuma ku tafi a ayari. Masaukin da ma'aikatansa 'yan garin ne, suka san wace hanya ake bi da wadda aka daina bi, ya fi mini wanda yake da wurin ninƙaya.

Ruwa da wuta. Kana buƙatar famfo a tsakar gida inda za ka wanke keke da bokiti da tsumma, da igiyar shanya, domin rigar da ka sha gumi a cikinta ita za ka sake sawa gobe. A hunturu kafin tsakar dare ta bushe. A watan Agusta kuwa sai an rataye ta a ƙarƙashin fanka. Kada ka bari yaran wankin mota su harba wa keken ruwan injin nan mai ƙarfi, yana kutsawa cikin boris ya wanke giris ɗin. Kuma in wani ya kawo maka baƙin mai don a shafa wa cen, ka yi godiya ka ƙi, ƙurar hunturu yake tarawa ta zama kamar sanfefa tana cin haƙoran giya.

Wuta kuma ka tambaya ƙarfe nawa ake tada janareta, ƙarfe nawa ake kashewa, ko akwai sola. Waya da fitilun keke duk caji suke so. Mai keken lantarki ya fi kowa buƙatar wannan amsar, don batirinsa yana cin awanni kafin ya cika. A yi cajin da cajarsa ta asali, a ƙasa, nesa da katifa da labule, kuma ba a toshe hanyar ƙofa da shi ba, saboda irin wannan batirin in ya kama da wuta kashe shi da wuya.

Ga wani ɗan abu kuma: bawul, wato bakin da ake hura wa taya iska. Akwai siriri mai ɗan kai da ake murɗawa, sunansa Presta, shi ne a yawancin kekunan tsere. Mai kauri irin na mota da babur shi ne Schrader. Mai facin da ke bakin masaukinka bututun iskarsa na mai kaurin ne, ba zai kama siririn ba sai da ɗan mahaɗi. Haka ma taya: ta keken tsere mai lamba 700 ba ɗaya take da ta tsohon Raleigh mai inci 28 ba, ko da a ido sun yi kama. Don haka kasancewar mai faci kusa da masauki alheri ne, amma famfon iskarka da tif biyu da mahaɗin nan su kasance a jakarka tun daga Kaduna.

Abinci kuma, kicin ɗin otal ba ya buɗewa da Asuba. Ka duba ko akwai mai shayi ko mai ƙosai a layin, in babu, ka sayi burodi da ayaba da ruwa tun da dare. In ku ayari ne, mutum ɗaya ya kira tun ana saura kwanaki, ya faɗi adadin kekuna, ya ce a ɗauko hoton inda za a ajiye su a turo masa ta WhatsApp.