Daga Woking, garin da baƙin duniyar Mars suka fara ci da yaƙi

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kallo, barkanmu da war haka. Yau na baro Landan da sassafe, na hau jirgin ƙasa a tashar Waterloo, cikin kusan rabin awa na iso garin Woking. Wannan dodon ƙarfe mai ƙafa uku da kuke gani a bayana tsayinsa ya kai mita 7, kuma an kafa shi a 1998 domin cika shekara ɗari da fitowar littafin H. G. Wells mai suna The War of the Worlds, wanda ya rubuta lokacin da yake zaune a garin nan. A cikin labarin, irin wannan na'ura halittun duniyar Mars suke hawa, suna ƙona gidaje da wani haske mai tsananin zafi, sojojin Ingila kuwa da igwoginsu suka zama kamar tururuwa a gaban giwa.

Abin da ya fi jan hankalina ya zo ne tun a babin farko, inda marubucin ya tuna wa mutanensa yadda Turawa suka ƙarar da mutanen tsibirin Tasmaniya cikin shekara hamsin, sannan ya tambaye su da wane baki za su yi kuka idan wani ya yi musu haka. Ku dubi shekarar, 1898. Bayan shekara biyar kacal, a 1903, bindigar Maxim ta Turawan Ingila ta karya Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. Shi ya sa idan na kalli fina-finan da jiragen baƙi ke rufe sararin samaniyar birane, ba na jin baƙon labari. A ganina tsoron mai mulkin mallaka ne, kada abin da ya shuka ya tsiro a ƙofar gidansa.

Akwai wani sojan igwa a littafin da ya hango abin da zai biyo bayan yaƙin, kuma maganarsa ta fi hasken wutar ban tsoro. Ya ce baƙin za su zuba mutane a keji su yi kiwonsu, wasu za su saba har su ji daɗin zaman, wasu ma a horar da su farautar 'yan'uwansu. Duk wanda ya karanta tarihin mulkin Lugga, Baturen da ya jagoranci mulkin mallaka a Arewa, ya san baƙo ba ya iya riƙe ƙasa da bindiga kaɗai, sai ya sami tafinta da ɗan sanda da mai karɓar haraji daga cikin 'yan gida. Ƙarshen labarin ne bai gamsar da ni ba, domin ƙwayoyin cuta ne suka kashe maharan kafin mulkin nasu ya kafu, aka ɗauke wa Ingila ɗanɗanar wannan zama.

Yanzu zan gangara masallacin Shah Jahan, wanda aka gina a 1889, domin shi ma bai tsira a labarin ba: hasken nan ya share ƙololuwarsa. Bayan azahar sai mu wuce dajin Horsell, in nuna muku ramin yashin da aka ce jirgin farko ya faɗo.