Fodkas: Kwatas na yoyo, fayil na barci

Auwal: Salamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tunda aka yi ruwan daren Laraba guruf ɗinmu na WhatsApp bai huta ba, daga Samaru har Tudun Wada a nan Zariya kowa sai turo hoton silin ɗinsa yake, shi ne muka ce yau maganar kwatas, wato gidajen da hukuma ke ba ma'aikata, za mu yi. Malam Sani har da naka na gani.

Malam Sani: Nawa ai ba hoto ba ne, shaida ce. Shekara uku kenan da na kai takarda ofishin gyara saboda ƙusa biyu da suka saki a kwanon ɗakin yara, ƙusa biyu fa Auwal, aikin da kafinta zai hau ya sauko kafin shayinka ya huce. Suka zo da tef suka auna suka ce an buɗe fayil. Daminar farko silin ya zana taswira, ta biyu ya yi ciki kamar na wata tara, bana kuwa katakon ya ruɓe gara ta samu gida, yanzu rufin gaba ɗaya ake maganar cirewa, wai kuma babu kuɗi.

Zainab: To fayil ɗin fa Malam?

Malam Sani: Yana teburin oga, oga ya tafi taro. Kullum.

Zainab: Mu a gidanmu roba bakwai muke jerawa, har Mama ta sa musu suna, babban bahon nan na wanki shi ne Darakta don shi ya fi tarawa.

Auwal: Kai Anti Zainab! To waye masinja?

Zainab: Gwangwanin madara mana, shi ke yawo duk inda sabon ɗigo ya ɓullo.

Malam Sani: Ashe tukunyar da Hajiya ke dafa shinkafar suna ita ce Famanan Sakatare, tana tsakiyar falo ba mai iya ɗaga ta, kuma ba a mata canjin wurin aiki.

Auwal: Sai dai ritaya.

Zainab: Ko an yi ritayar ma kwantiragi za a ba ta. Wallahi da daddare in suka fara ƙwal ƙwal kamar kiɗan ƙwarya, ƙanena har rawa yake.

Auwal: To mu dawo kan magana, wani ya turo mana saƙo yana cewa...

Malam Sani: Tsaya in ƙarasa. Abin da ke ci min rai duk wata sai an cire kuɗin haya daga albashi tun kafin alat ya shigo, ina kuɗin ke zuwa? Mu ƙasar nan gini muka iya, a yanka kirtani a ɗau hoto, shikenan. Gidajen Shagari tsakanin 1979 da 1983 aka yi su, na Reluwe a Sabon Gari kuwa tun zamanin Turawa, gida ai kamar mutum ne yana son a duba shi. Da Obasanjo ya kawo tsarin ba ma'aikata kuɗi maimakon gida a 2003 aka sayar da gidajen gwamnati da yawa, je ka ga wanda ya zama na mutum, fenti yake sha, wanda ya rage a hannun hukuma kuma sai Allah. Ga siminti da ya haura naira 10,000 buhu a 2024, duk gyaran da aka ɗaga sai ya dawo da tsada.

Zainab: Amma Malam mu ma da namu. Mutum ya ɗaure awaki a baranda, sokawe ya cika yana malala layi shi da maƙwabci kowa na jiran ɗan'uwansa, a ce kayan gwamnati ne.

Malam Sani: To in gyara da kuɗina, saura min shekara huɗu in aje aiki wani ya shigo ya mora? Kuma in ka taɓa gini ba izini takardar tuhuma ce, ita kam ba ta ɓata a hanya.

Auwal: Dama mun shirya kawo shawarwari uku, na farko mazauna layi su riƙa karo-karo... kai, wannan ba hadari ba ne ta wajen Kwangila?

Malam Sani: Innalillahi, Hajiya ta tafi biki kuma ban jera robobi ba. Auwal ara min makullin mashin ɗinka.

Auwal: Jama'a sauran biyun sai wani makon.