Ɗaki ɗaya, iyali guda: yawona a New Lanark

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da wannan ƙugi da kuke ji a bayana, kogin Clyde ne. Yau da sassafe na baro Gilasgo na zo New Lanark, wani ƙauye a Sukotlan da aka kafa domin masaƙar auduga. Wani attajiri, David Dale, shi ya fara gina shi a 1785, saboda ƙarfin ruwan nan yana juya injinan kaɗi. A 1800 surukinsa Robert Owen ya karɓi ragamar wurin.

Ku biyo ni ciki, ku sunkuya. Wannan ɗakin an shirya shi yadda ma'aikata suke zaune a shekarun 1820. Ɗaki ɗaya ne fa! Nan ne murhu, nan ake girki, nan ake shanya, nan ake kwana. Ga gado a jikin bango, ƙarƙashinsa kuma ga wani ƙaramin gado mai taya. Da dare a jawo shi yara su kwanta kai da ƙafa, da asuba a tura shi ya koma. Ni da nake ƙorafin ɗakin hayata ya yi mini kaɗan, wallahi sai na ji kunya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a ƙauyen nan gida da aiki igiya ɗaya ta ɗaure su. Gidan na mai masaƙa ne, kantin nasa ne, makarantar ma tasa ce. Iyali mai 'ya'ya da yawa shi aka fi so, domin kowane yaro hannu ne a bakin inji. Uba yana iya zama makaniki ko magini, amma yawancin masu tsayawa gaban injin kaɗi mata ne da yara. A zamanin Dale har marayu ɗaruruwa aka kwaso daga gidajen gajiyayyu na Gilasgo da Edinbara. Owen ya daina ɗauko su, ya hana sa yaro aiki kafin ya kai shekara 10, ya buɗe makaranta a 1816, har da ajin ƙanana inda uwa za ta bar ɗanta ta tafi aiki.

Mutumin kirki ne? E, amma akwai sa ido. Kun ga wannan ɗan katakon mai fuska huɗu? Ana rataye shi kusa da ma'aikaci. Fari, ka yi ƙoƙari sosai. Baƙi, ka yi abin faɗa, kuma kowa na gani. Har cikin ɗakuna ake turo masu duba tsabta, matan ƙauyen suka yi musu laƙabi da mafarautan kuɗin cizo. Da a unguwarmu ne, da muciya za a kore su.

Audugar kuwa, da yawanta daga gonakin bayi na Amurka take zuwa. Kada a manta da wannan.

Masaƙar ta rufe a 1968, amma har gobe akwai mutane zaune a gidajen nan. Ga labule can a tagar wani, bari in kawar da kyamara. Yayyafi ya fara, mu gangara kantin Owen mu fake.