Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Ake Rubuta Rashi a Labarin Soyayya da Tafiya

Masu sauraro, barkanmu da war haka. Wata malama daga Zariya ta rubuto mana cewa tana rubuta littafi a kan matar da mijinta ya rasu, ta kama hanyar Maraɗi, a can ta haɗu da wani. Waɗanda suka duba mata rubutun sun ce mutuwar ba ta taɓa zuciyarsu ba. Tana tambaya ina matsalar take.

To malama, ki fara da lissafin kwanaki. Takaba wata 4 ce da kwana 10, mai ciki kuwa sai ta haihu. A tsawon lokacin ba kwalliya, ba turare, ba kwana a wani gida sai da larura, kuma ba a fito mata da maganar aure ƙarara. Idan kika saka ta a mota mako 2 bayan sadakar bakwai tana musayar lamba da wani, mai karatu ya daina yarda da ke ke nan. Tafiyar ta biyo bayan fitar takaba, kuma da dalili mai nauyi, kamar kai wa mahaifiyar marigayin kayansa, ko biyan bashin da ya bari.

Sai batun hawaye. Da yawa kan zubar da su duka a babin farko, ranar jana'iza. Alhali rashi ya fi cizo bayan an naɗe tabarmin zaman makoki, gida ya yi tsit. Ki nuna mana ta auna shinkafar mutum biyu ba ta ankara ba. Motarsu ta tsaya a Katsina, ta zaro waya za ta sanar da mijin ta iso lafiya, sai hannun ya tsaya. A kan iyaka bayan Jibiya jami'i ya ce mata "Hajiya, ina maigidan?", ta rasa amsa. Irin waɗannan uku ko huɗu, a warwatse cikin littafin, sun fi shafi goma na kuka.

Kada kuma ki jera baƙin cikin daki-daki har ya ƙare daidai da ƙarewar hanya. Matakai 5 na baƙin ciki da likita Elisabeth Kübler-Ross ta bayyana a 1969 daga hira da marasa lafiyar da ke gab da mutuwa ta samo su. Baƙin cikin mai rashi kuwa tafiya yake ya dawo. Ranar da ta fara dariya da sabon mutumin, a daren ne za ta ji kamar ta ci amana. Marigayin ma ki ba shi aibinsa, ko saurin fushi ko yawan mantuwa, don mu san mutum ne aka rasa.

Wani malami daga Damagaram yana tambaya ko dole ne a ƙare da aure. Ba dole ba ne, malam. Ya isa ta ba sabon mutumin izinin zuwa wurin magabatanta, tana kuma ci gaba da yi wa marigayin addu'a a gabansa ba tare da ɓoyewa ba.