Jawabi Kan Karɓar Kuɗin Ciniki Ta Intanet, A Taron Ƙungiyarmu Na Manchester

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu maza da mata, malamanmu, 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Na san ƙamshin masa ya fara shigowa daga kicin, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

An ce in yi magana kan yadda masu sayar da kaya ta intanet ke karɓar kuɗi. Kusan kowane layi na kujerun nan akwai mai sayar da atamfa, ko turaren wuta, ko kilishi, ko hula a WhatsApp da Instagram. Kuma in na tambaya yaya ake biyanku, amsar guda ce: "Ga lambar asusuna, ki turo min hoton shaida."

Ni ma haka nake yi a da. Wata rana ana gobe Sallah wata ta sayi leshi turmi uku, ta turo hoton alat. Ina tsaye a layin gidan waya, ban duba asusu ba, na aika kaya. Har yau kuɗin suna hanya. Bayan wannan sai bankina, wanda ba zan kama sunansa ba, ya rufe min asusu na makonni, saboda kuɗi na ta shigowa daga mutane barkatai alhali asusun na albashi ne. Hayar gida ta wannan watan sai da na ci bashi. A nan na koyi cewa asusun kasuwa daban, na cefane daban.

To, mu dubi mai saye. Baturen nan da kati ya saba, ko Apple Pay da Google Pay. Amma mutumin Holand da iDEAL yake biya, kai tsaye daga bankinsa, tun 2005. A Kenya M-Pesa ce tun 2007, Indiya na da UPI tun 2016, Barazil na da Pix tun 2020. Ɗan'uwanmu na zangon Kumasi MoMo ya sani, wato tura kuɗi ta wayar hannu. A gida kuwa, tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, har mai shayi da mai yankan farce sun koyi karɓar tiransifa ta OPay, PalmPay ko Moniepoint. Idan shagonka kati kawai yake karɓa, hajiyar da ke Kano ta ga kayanka ta yaba, sai ta wuce.

Kamfanonin fasahar kuɗi wannan giɓi suka cike. Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, kuma Stripe, wani kamfanin biyan kuɗi na Amurka, ya saye shi a 2020 kan sama da dala miliyan 200, yana ba ka mahaɗi guda da za ka tura wa mai saye, shi ya zaɓa: kati, tiransifa, ko lambar USSD da ake dannawa ko a 'yar ƙaramar waya. Flutterwave ma haka, tun 2016. Abin da ya fi burge ni, kamfanin ne ke tabbatar da shigar kuɗin, ba hoton da wani ya turo ba.

Sai dai ba sadaka suke yi ba. A cinikin cikin Najeriya Paystack na cire kashi 1.5 cikin ɗari da naira 100, amma ba ya wuce naira 2,000. Katin ƙasar waje ya fi haka tsada nesa ba kusa ba. Ku sa wannan cikin farashi tun farko. Kati kuma yana da nasa ciwon: mai saye na iya zuwa bankinsa bayan wata uku ya ce kaya ba su iso ba, a janye kuɗin daga wurinka, a ɗora maka tara. Abin da zai cece ka shi ne lambar bin sawun kaya da rasit. 'Yan'uwana mata masu ba wa matafiya saƙo a jaka, ku ji wannan da kyau, domin "na ba wa Alhaji ya kai" ba hujja ba ce a wurin banki. Shi ya sa ni na fi son biya kai tsaye daga banki, wanda tsarin buɗaɗɗen banki na ƙasar nan, wato ba wa manhaja izinin haɗuwa da asusun bankinka, ya sauƙaƙa tun 2018. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma ba a janye shi irin na kati.

Akwai kuma "ɗauki yanzu, biya daga baya", irin na Klarna. Suna biyan ɗan kasuwa kuɗinsa gaba ɗaya, mai saye ya biya su kashi uku, amma abin da suke cirewa daga ɗan kasuwa ya fi na kati. Batun halacci, musamman tarar jinkiri, ga Malam nan zaune, ba zan shiga gonarsa ba. Ni dai ban sa shi a shagona ba, don ba na son yarinya ta ci bashi saboda ankon biki.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna: kada ku mayar da waɗannan manhajoji rumbu. A nan Ingila, kamfanin kuɗin lantarki ba banki ba ne, kariyar FSCS, tsarin da ke biyan mai ajiya diyya in banki ya durƙushe, ba ta hau kansa. Doka ta ce ya ware kuɗin jama'a gefe guda, amma in ya durƙushe, jira ne mai tsawo. Ku shiga rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin kuɗi a ƙasar nan, ku duba sunan kamfani kafin ku ba shi ko fam ɗaya. A gida ma, a Afrilun 2024 Babban Bankin Najeriya ya dakatar da wasu manyan kamfanonin fasahar kuɗi daga ɗaukar sababbin abokan hulɗa har zuwa Yuni. Ni duk Juma'a nake kwashe abin da ya taru in mayar banki.

Bayan la'asar zan zauna a teburin baya da kwamfutata. Duk mai son mu buɗe mahaɗin biya tare, ya zo da wayarsa, fasfonsa da takardar shaidar adireshi. Ranka ya daɗe, na gode da wannan dama. Wassalamu alaikum.